Barcin Munawwara a Dajin Gwaram

Munawwara ta riƙe bakin tamfol, ƙanenta Safiyanu yana dukan turke da dutse, ƙasa ta ƙi karɓa. Daga aikin kwana ta fito a asibitin Birnin Kudu. Ko takalmin aiki ba ta cire ba suka kamo hanyar Gwaram, don mahaifinsu, Baba Dabo, ya kafe sai an kai shi dajin gwamnati inda ya yi kiwo yana saurayi. Tun da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi bai roƙi komai ba sai wannan, kuma likita ya gaya mata a keɓe cewa zuciyarsa ta yi rauni, duk abin da yake so a yi masa.

Safiyanu ya ɗauki abin kamar biki. Ya aro tamfol, ya sayo tsire da lemo, ya cika mota da tabarmi, wai haka yake gani a waya mutane suna shaƙatawa a daji. Amma wurin da Baba yake cewa saniya kan ɓace a duhun itatuwan kirya, yanzu kututtura ne da ramukan gawayi. Munawwara ta duba, ranta ya ɓaci. An girgiza tsoho a hanya mai gargada don ya zo ya ga wannan. Ta ce a juya tun rana ba ta yi zafi ba, Baba ya girgiza kai, ya nuna wani marke da ya tsira a bakin rafi.

Suka bar tamfol a yashe, suka tallabe shi zuwa inuwar. Ta auna jininsa, ta gyara masa matashi, ta sake ɗaura masa na'urar awon jinin a dantse.

"Ajiye abin nan, 'yar nan," in ji shi, harshensa na sarƙewa. "Zauna kusa da ni."

Ta zauna. Ya shiga ba su labarin wata farar saniya da ta haihu a tsakiyar rafin, da yadda ya saɓo ɗan maraƙin, ruwa har ƙirjinsa. Ba ta ji ƙarshen labarin ba.

Da ta buɗe ido inuwa ta koma gabas. Kanta yana kan cinyarsa, wadda ba ta motsi, shi kuma yana kore mata ƙuda da reshen ganye a hannunsa mai lafiya. Safiyanu yana can nesa a zaune, ya yi mata alamar an hana shi ko tari. Ta zabura tana laluben jakar magani.

"Na sha, Safiyanu ya ba ni," in ji Baba.

Ta ba shi haƙuri, ta ce ga shi an zo don ya ga daji, ba dajin, ita kuma ta ɓige da barci.

"Na san an sare shi, masu gawayi ta ƙofar gidanmu suke wucewa," ya ce. "A gida ba kya barci. In ba waya ba, maƙwabta na sallama a zo a yi musu allura. Nan kuwa waya ba ta kamawa."

Munawwara ta daɗe tana kallon hannunsa da ke riƙe da reshen. Sannan ta cire takalman aikin, ta jera su a gefen tabarma, ta mayar da kanta kan cinyarsa.