Launin da Kawu Ba Ya Gani

Idan mutum ya ara wa wani idonsa a ɗakin jarrabawa, sata ya yi ko taimako? Tambayar da ke cin Auta ke nan, ga shi Kawu ya tare ta a ƙofar ɗakin gwaje-gwaje, farar rigar aiki a kafaɗarsa, yana jiran ta bakinta.

"Ba amsa na ce ki ba ni ba," ya ce, murya ƙasa-ƙasa. "Lissafin ai na fi ki iyawa, ke ma kin sani. Idan ruwan ya juya, ki bar bironki ya faɗi ƙasa. Shi ke nan fa."

'Yan ajin ne suka sa masa Kawu, don ya girme su nesa ba kusa ba. Ya daɗe yana tsaron kantin maganin wani, kafin ya bar wa matarsa ɗawainiyar gida ya shigo jami'a, ko wata rana ya zama mai haɗa magani da takardarsa a hannu. Amma sai an ci kemistirin shekarar farko ake wucewa gaba, kuma bara ya faɗi. Wanda ya sake faɗuwa, sallama ake yi masa.

Auta kaɗai ta san abin da ya kayar da shi. Aikin da ake ba su ba shi da wuya a baki: ana ɗiga asid daga wani dogon bututun gilashi mai ɗan famfo zuwa cikin kwalbar ruwa mai launin rawaya, ana kaɗawa, har ruwan ya koma launin lemo. A nan ake rufe famfo a karanta awo. In aka ƙara kaɗan ya zarce ja, aiki ya ɓaci. Shi kuwa Kawu idonsa ba ya raba waɗannan launuka, haka aka haife shi. Duk zangon nan tebur ɗaya suke, shi a famfo, ita ce mai cewa "ya isa". Yau kowa da kayansa.

"Kawu, ka manta yaran nan da aka kama suna raɗa? Har yanzu suna gida."

"Su raɗa suka yi. Biro kuwa na kowa yana faɗuwa."

"Ka je ka gaya wa Dakta mana. Ai ba laifinka ba ne."

Ya yi 'yar dariya marar daɗi. "In ce masa me? Ranka ya daɗe, ga mai son haɗa wa jama'a magani, sai dai bai san ja ba? Kafin in rufe baki ya nuna mini hanyar gida. Ko matata ma ta daɗe ba ta gane ba, ta ɗauka iya sa kaya ne ban yi ba."

Ta girgiza kai.

"Ba zan iya ba, Kawu. Ka yi haƙuri."

Ya gyaɗa kai. "Ba komai, 'yata. Allah ya ba mu sa'a." Ya zura rigarsa ya shige. Da ya yi mata faɗa, da ta fi samun sauƙi.

Ɗakin yana warin da ta saba da shi, mai kama hanci. An kashe fankoki. Da aka rarraba su, sai ga Kawu a ɗaya gefen teburinta, kantar kwalabe ce kawai a tsakaninsu. Dakta, malamin kemistirin, siririn mutum mai takalmin da ba ya ƙara, ya tsaya a gaba.

"Kowa kwalbar asid ɗaya. Wanda ya ƙarar da tasa, ya ƙarar. Wanda na ji bakinsa, ya san sauran."

Ta fara nata. Rawaya, rawaya, sai launin lemo ya tsaya cak. Ta rubuta. Ta maimaita, awon ya yi daidai da na farko. Ta ce wa kanta ba za ta ɗaga kai ba, sai ta ɗaga.

Ta tsakanin kwalabe ta hango ruwan Kawu ya yi ja wur, shi kuwa yana ta ɗigawa, ya karkata kai kamar mai sauraron wani abu daga nesa. Ya shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashin kwalbar. Ya ɗaga kwalbar sama wajen hasken taga. Daga ƙarshe ya zubar ya sake. A karo na biyu tsoro ya sa ya rufe famfo da wuri, ruwan yana nan rawaya kamar yadda aka kawo shi. Ya dubi awon biyun da suka yi hannun riga, ya share goshi da bayan hannu. Abin da ya rage masa na asid bai wuce na gwaji ɗaya ba.

Ko sau ɗaya bai kalle ta ba.

Lissafin da ke gabanta ya daina shiga kanta. Duk zangon nan tana ce masa "ya isa", ba wanda ya kira abin sata. To me ya canza yau, in ba Dakta da ke zagaye ba? Amma in ya wuce da idonta, ranar da launi zai raba magani da guba, wa zai tsaya a gefensa? Sai ta tuna shekarun da ya yi a kanti yana karanta sunan kowace ƙwaya, bai taɓa cutar da kowa ba. Sai ta tuna babanta, da ya gama gaya wa duk maƙwabta cewa autarsa likita za ta zama, da yadda zai tsaya a ƙofar gida in ya gan ta da akwati a tsakiyar zango.

Kawu ya buɗe famfo. Dakta ya iso ƙarshen teburinsu ya tsaya, hannuwa a baya.

Ɗigo ya faɗa. Launin lemo ya buɗe a tsakiyar ruwan, Kawu ya kaɗa, ya ɓace. Wani ɗigon ya faɗa, launin ya daɗe kafin ya ɓace. Ta san na gaba ne. Ta sunkuyar da kai kan takardarta, ta saki yatsunta.

Biron ya bugi siminti, ya gangara. A kunnenta kamar an yar da tukunya.

Da ta ɗago, Kawu ba ita yake kallo ba. Ya riga ya rufe famfo ya ture kwalbar gefe, hannunsa a sama.

"Ranka ya daɗe," ya ce, "ina da magana. A kan idona ne."

Dakta ya dubi ƙasa. Ya duƙa ya ɗauko biron daga bakin takalminsa, ya ajiye mata a kan takardarta, ya dube ta ɗan lokaci. Sannan ya zagaya teburin, ya nufi wurin Kawu.