Milimita Bakwai

Wata huɗu da ɗinke wa ƙanwata jijiyar yatsa, har yau ba ta iya riƙe almakashi, ita da ta shekara talatin tana ɗinki. Likita ya ce idan jijiyar na zamewa ƙasa da milimita biyar, to ta manne, sai a sake buɗe hannun a sake ta. Sau uku ana yi mata sikanin, sau uku takarda na cewa bakwai. Wato ta warke, ita ce ba ta sani ba.

A karo na huɗu na bi ta ciki. Jinyar matata ta koya mini cewa wanda ya tsaya a benci sai dai a ba shi labari.

Ma'aikaciyar sikanin, mai fara'a da ladabi, ta shafa mata mai a tafin hannu, ta ɗora kan na'urar, ta kafe allo da ido.

"Mama, lanƙwasa. Yawwa, sannu Mama."

Ni hannun nake kallo. Ƙanwata na nishi, yatsan ya tsaya cak a rabin hanya, sai babban yatsan ma'aikaciyar ya lallaɓo ya ƙarasa mata shi.

"Bakwai," in ji ta.

"Bakwai ɗin wa? Naki ko nata?"

"Baba, ban gane ba."

"Ke kike tura yatsan."

"Haba Baba, ɗan tallafa mata nake yi. Ba ka ga tana wahala ba?"

"To ki biyo mu shago ki riƙa tallafa mata da almakashi. Cire hannunki."

"Yaya, don Allah, ana jinmu," in ji ƙanwata.

"A ji. Wata huɗu ana auna tausayin wannan baiwar Allah ana rubutawa a fayil ɗinki."

Ma'aikaciyar ta ɓata rai, ta mayar da hannunta kan cinya. Ƙanwata ta lanƙwasa har gumi ya keto mata. Farin zaren da ke allo, wato jijiyar, ya ɗan motsa, ya ƙame.

Na juya ga ma'aikaciyar.

"Nawa?"

"Biyu da rabi."

"Maimaita."

Aka maimaita. Biyu.

Likita ya jera takardun huɗu a tebur, ya ce ai na'urar ba ta ƙarya. Na ce ban zargi na'ura ba, ba ta da babban yatsa. Bai yi dariya ba. Ya daɗe yana murza yatsan, sannan ya ce da an gano da wuri da aikin ya fi sauƙi, yanzu ba zai yi alkawarin komai ba. Ya rubuta mata ranar tiyata: Talata.