Hannun Gwaggo Tasalla a Cikin Majigi

Zazzaɓi ne ya kwantar da ni ranar Talata bayan azahar, ana gobe ma'aikatan wani gidan talabijin za su zo su ɗauke ni ina zane. Don in ga yadda manya ke tsayawa gaban kyamara, sai na buɗe waya ina kallon tsofaffin finafinai marasa launi, marasa murya, na shahararrun masu zane na Turai, waɗanda aka ɗauka tun ba a haifi kakana ba. Idona ya yi nauyi, wayar ta zame mini a ƙirji.

Sai ga ni tsaye a wani fili, komai fari da baƙi da toka-toka. Tabon tsohon majigi yana zubowa daga sama kamar yayyafi, amma ba ya jiƙa kowa. Tsofaffi ne birjik, kowa da allonsa, suna motsi da sauri-sauri kamar kaji sun samu tsaba. Wani yana zana kogi, kogin yana malalowa daga allon yana wanke masa ƙafa. Wani kuma a cikin inuwarsa yake tsoma buroshi.

Wani akwati mai ƙafa uku ya tako ya tsaya gabana. Idonsa ɗaya, na gilashi, mariƙin gefensa yana juya kansa da ƙara irin ta keken ɗinki.

"Barau," in ji akwatin, "an ce kai ma mai zane ne."

"Haka jaridu suka rubuta."

"Ban iya karatu ba. Hannu nake kallo. Biyo ni."

Muka ratsa tsakanin tsofaffin. Yatsunsu a karkace, faratansu cike da fenti, kuma ko ɗaya bai ɗago kai ba.

"Me ya sa ba sa kallonka?" na tambaya.

"Suna da abin kallo."

Filin ya naɗe kansa kamar tabarma, muka faɗa cikin zauren nan na Kaduna inda na baje kolin zanena shekara biyu da suka wuce. Ga su nan a rataye, ƙadangaruna da ƙulle-ƙullena da layukan da aka san ni da su. Ina kallo sai suka fara saɓulowa suna faɗuwa, bayan kowanne kuwa bangon ƙasa ne, da zanen iri ɗaya sak, na farar ƙasa da shuni.

Na san bangon. Ɗakin Gwaggo Tasalla ne, ƙanwar mahaifina, wadda ta raine ni bayan rasuwar uwata. Ita ke yi wa ɗakunan ƙauyenmu ado, ni kuma ina riƙe mata ƙwarya. Duk abin da na zana a wurinta na kwaso, amma na gaya wa 'yan jarida cewa a mafarki yake zuwa mini. Ranar baje kolin ta hau motar haya tun da safe ta zo da ƙullin daddawa a hannu. Da manyan baƙi suka tambayi ko wace ce, cewa na yi, "Wata tsohuwa ce daga garinmu."

"Zana mu gani," in ji akwatin.

Na ɗauki buroshi na ja layi. Haske ya fita daga idon akwatin ya haska bango, kowa na ganin abin da yake ɗauka. Hannun da ya bayyana ba nawa ba ne. Hannun mace ne, ya sha lalle, da tabon ƙuna a babban yatsa, ƙunar da ta samu ranar da ta fizge ni daga bakin murhu. A duk duniyar nan ta toka, jan lallen nan ne kaɗai mai launi. Tsofaffin suka ajiye aikinsu, suka taru suna kallon hannun. Sa'an nan suka juyo suka kalle ni. Na nemi aljihun da zan ɓoye nawa hannun, rigar ba ta da aljihu.

"Barau, layin nan ya karkace. Ba haka na nuna maka ba."

Gwaggo ce zaune a bayana kan kujerarta 'yar tsugune, da ƙwaryar farar ƙasa a cinya.

Na durƙusa. "Gwaggo, ranar nan a Kaduna, na ce musu…"

"Na ji abin da ka ce. Ai ban kurmance ba."

"Ba ki yi fushi ba?"

"Na ga takalminka sabo, na ga ka yi ƙiba. Murna na yi ta yi har gida."

Da ma marina ta yi. Ta tsoma yatsa a ƙwarya ta kai bango, sai hannun ya kama rawa, farar ƙasar ta ɗiɗɗiga mata a zanen da ta ɗaura.

"Ya fara ƙi na," ta ce. "Bana ɗaki ɗaya kawai na iya gamawa."

Ƙarar akwatin ta fara ja baya. "Fim ɗina ya kusa ƙarewa," in ji shi. "Ragowar ta mutum ɗaya ce. Wa zan kalla?"

A lokacin na lura na miƙe tsaye, kuma tsakanin idonsa da Gwaggo nake, na tare ta gaba ɗaya. Taku ɗaya kawai zan yi gefe. Na san haka, tsofaffin ma sun sani. Amma sai na ji ina gyara hulata, ina daidaita kafaɗa, har da ɗan murmushi. Ta bayana na ji Gwaggo tana cewa a hankali, "Ɗauke shi, malam, ya fi ni kyan gani."

Mariƙin ya juya sau ɗaya, ya sake juyawa da ƙyar.

"Barau! Barau!"

Na zabura, gumi ya jiƙa matashin kai sharkaf. Matata Uwani ce tsaye a kaina da waya a hannu, ana kiran sallar la'asar a waje.

"Masu talabijin ne. Wai ƙarfe nawa za su zo gobe?"

Na tashi zaune, na kasa haɗa ido da ita.

"Ki ce su zo da sassafe," na ce. "Kuma su cika motarsu da mai. Tafiyar da nisa."