Nonon Khairiyya

Aikina kallon mirkat ne. Wasu ƙananan dabbobi ne dangin tunku da ke zaune a ramuka a hamadar Kalahari, kuma ban taɓa ganin ko ɗaya da idona ba. Malamin da ke duba digirina a nan Doha yana da bidiyonsu na shekaru, ni kuwa in zauna a falonmu na unguwar Al-Sadd in kalla, in rubuta wa ta yi gadi, wa ta zauna renon jarirai, wa ta hau sikeli da aka yaudare ta da ɓarɓashin dafaffen ƙwai.

Na koma aikin kwana goma sha tara bayan na haihu. 'Yar ta zo a wata na takwas, ta yi kwana biyu, ta koma. Mijina Abdulbaƙi da abokansa suka kai ta makwanci ina gadon asibiti. Mutane suka yi ta zuwa gaisuwa, kowa ya ce Allah ya sa mai ceto ce, ni ma in ce amin. Ban yi kuka ba. Ba jarumta ba ce, na nemi kukan ne na rasa.

Jikina kawai ba a sanar da shi ba. Nono ya ci gaba da zuwa, ina matsewa a banɗaki ina kallonsa yana bin ruwa. Likita ta ba ni ƙwayar da za ta busar da shi. Na ɗora ta kan firji, kullum in ce gobe. Abin da ya rage mini na yarinyar ke nan, in ya ƙafe shi ke nan.

A garken mirkat, uwa ɗaya ce ke da ikon haihuwa. In wata ta yi ciki, sau da yawa babbar kan kore ta, ko 'ya'yan su salwanta. Ranar ina bin wata mai ɗigon baƙin fenti a kafaɗa, wadda nata 'ya'yan suka ɓace kwana huɗu da haihuwa. Ta dawo a rame, ta kwanta a bakin rami, 'ya'yan babbar su uku suka rufe ta suna tsotso. Akwai gurbin wannan a takardar da nake cikewa: shayar da ɗan wata. Na sa alama. Na duba nauyin jariran na makon, sun ƙaru. Na tashi na ɗora shayi.

Bayan la'asar aka ƙwanƙwasa ƙofa. Mama Zuleiha ce, dattijuwar da ta zo daga Zariya don jegon 'yarta Rahmat, maƙwabciyarmu ta sama. Rahmat ta haifi namiji, sai aka mayar da ita asibiti, an hana ta shayarwa saboda magungunan da take sha. Jaririn na kafaɗar Mama, kukan ma ya dishe.

"'Yata, ki yafe mini," ta ce. "Na daɗe a tsaye a nan kafin in buga. Madarar gwangwani iri biyu muka gwada, duk amayarwa yake. Uban ya amince, mun yi magana da maigidanki ma, ya ce sai abin da kika ce."

Raina ya ɓaci, ban ɓoye ba. Wato duk benen nan an san abin da ke cikin rigata, har an zauna an tattauna.

"Mama, ba nasa ba ne," na ce.

"Na sani. In ba za ki iya ba, shi ke nan, wallahi ba zan riƙe ki ba."

Ba ta tafi ba, ni ma ban rufe ƙofar ba. Bidiyon na tsaye inda na bar shi, ƙwayar na kan firji. Ba tausayi ne ya sa na miƙa hannu ba, gajiya ce da jin wannan dishashshen kukan.

Ya kama da ƙarfi, har sai da na cije leɓe. Yana sha yana sauke ajiyar zuciya, hannunsa ɗaya a dunƙule a kan ƙirjina. Na zuba masa ido ina jiran in ji wani abu. Ban ji komai ba sai sauƙin nauyin da na kwana biyu ina fama da shi.

Mama Zuleiha ta zauna a ƙasa ta miƙe ƙafa.

"To kin san hukuncin," ta ce. "Tunda ya sha, ya zama ɗanki. Duk abin da kika haifa ɗan'uwansa ne, babu aure tsakaninsu. Dole in ya girma a faɗa masa." Ta ɗago ta dube ni. "Ita yayar tasa da ta koma, wa sunanta?"

Ba ta kai ranar suna ba. Abdulbaƙi ya raɗa mata a kunne a asibiti, daga ni sai shi muka ji. Cikin duk masu gaisuwar nan, ba wanda ya tambaya.

Na gyara wa yaron kwanciya a hannuna.

"Khairiyya," na ce.

Mama ta maimaita a hankali don kar ta manta. Yaron bai saki ba, hawayena na sauka a kan gashinsa.