Jan Tabon da ke Saman Gadon Baba

Tun da ɓarin jikin Baba ya shanye, bakinsa ya mutu, ba shi da abin kallo sai rufin ɗakinsa. Ni ke ba shi abinci, don haka ni na fara bin idonsa. Wani jan tabo ne a jikin kankaren, daidai saitin ƙirjinsa, kamar jini ya bushe.

A saman ɗakin nan ne Yaya yake shanya fatu. Ya barbaɗe su da gishiri, da yamma ya kwara ruwa ya wanke wurin. Shekara da shekaru ke nan.

Na kira maginin da ke layinmu. Ya ƙwanƙwasa rufin da guduma, sai ya ba da ƙara kamar ƙwarya. Bawan Allah ya ja da baya.

"Ruwan gishiri ya kai ga rodin da ke ciki," in ji shi. "Ƙarfe in ya yi tsatsa kumbura yake, ya tsaga kankare ta ciki. Ba ya sallama, sai dai ku ji shi a ka."

Da na faɗa wa Yaya, dariya ya yi. "Ke dai akwai neman magana. Gidan da ya girme ki?" Ya sayo farin fenti ya shafe tabon. Kai, na ji haushi! Kafin sati ya zagayo jan ya sake hudowa, har ya fi na da faɗi.

Da tsakar rana, in gida ya yi tsit, nakan ji ƙarar rufin. Ƙas. Shiru. Ƙas. Baba ma yana ji, don yatsun hannunsa mai lafiya sukan damƙe zanin gado.

Ranar da na tarar da yashi a gemunsa da cikin kofin shayinsa, ban nemi shawarar kowa ba. Na ja gadon ƙiii har falo, bayana kamar zai karye.

Yaya ya sauko, hannu duk gishiri, ya leƙa ɗakin ya ga wayam.

"Shi ke nan ma," ya ce, "faɗuwa ta zo daidai da zama." Ya ɗaga murya ya kira matarsa. "Kawo katifar yaran nan ciki, sun huta da matsi."

Na buɗe baki ke nan na ji an riƙe mini zani. Baba ne. Ya daina kallon sama. Ƙofar ɗakin yake kallo, inda jikokinsa ke rige-rigen shiga, hawaye na gangara cikin kunnensa.

Daga ciki na ji ƙas.