Ungozomar Tibogu da Wayar Asibiti

Rabin mutanen Tibogu a hannun Mma Sanatu suka faɗo duniya. Shekara talatin da ɗoriya tana karɓar haihuwa, sai wata rana aka zo aka ce daga yau duk mai naƙuda asibiti za a kai ta, can ƙetaren kogi. Ba ta yi musu ba, amma abin ya tsaya mata a rai. Ta naɗe tabarmar aikinta ta ajiye, ta koma yin man kaɗe.

Madam Serwaa, ma'aikaciyar jinyar da aka turo daga kudu, ita ce ta hana ta sakat. Ta ƙetaro ta kawo mata waya da faifan cajinta na hasken rana, da na'urar awon jini irin wadda ake ɗaurawa a dantse, mai aika sakamako asibiti da kanta. Ta ce an haɗa ungozomomin ƙauyuka tara a zaure ɗaya cikin wayar, da ita kanta, da Wumbei mai babur mai ƙafa uku. Duk wanda ya yi magana, kowa zai ji.

"'Yata, ni ban san baƙi ba," in ji Mma Sanatu.

"Ba rubutu za ki yi ba, Mma, magana ce. Ita kuwa an ce mini ba a kai ki ba."

Ta ɗiga mata jan farce a gefen gilashin, daidai inda za ta danna. Wata huɗu wayar tana jingine jikin turmi, Mma Sanatu tana aiki tana sauraron hirar sauran, amma ko tari ba ta taɓa yi a ciki ba. Gani take an ƙwace mata aiki an ba ta abin wasa.

A lokacin cirar gyaɗa, kogi ya cika ya shanye hanya, Tiyumba matar maƙwabcinta Neindoo ta shigo da hantsi neman maganin ciwon kai. Cikinta wata takwas. Fuskarta ta kumbura, zobe ya nutse a yatsarta, ta ce tun safe take ganin wuta-wuta.

Mma Sanatu ta ajiye taɓarya. Shekara ashirin da suka wuce haka 'yarta Fuseina ta zo mata, da wannan fuska da wannan magana. Ta ba ta jiƙo ta ce ta kwanta. Da azahar jijjiga ta kama ta, ba ta kai la'asar ba.

Ta zaunar da Tiyumba ta ɗaura mata na'urar. Sannan ta danna wurin jan farcen.

"Ni ce Sanatu ta Tibogu. Madam, dubi abin da na'urarki ta ce."

Ba a jima ba amsa ta zo. "Mma, jininta ya hau ƙwarai. Ki kwantar da ita ta gefen hagu, a kawo ta yanzu. Kada a jira azahar."

Aka kira Neindoo daga gona, ya zo da ƙasa har gwiwa.

"Mma, ciwon kai ne fa. Ga gyaɗa tana tsirowa a ƙasa. A bari sai jibi mana."

"Neindoo, ni na yanke maka cibiya, kuma da ƙafa ka fito. Tun ranar komai a baibai kake yin sa. Je ka ciro ƙyauren ɗakinka mu ɗora ta."

Ya dubi matarsa, ya ga yadda take runtse ido, ya juya ya tafi ciro ƙyauren.

Sai dai kwalekwalen garin guda ɗaya ne, kuma tun sassafe ya tafi kai doya kasuwa. Mma Sanatu ta sake dannawa ta faɗi haka. Wadda ta amsa Mma Napari ce, ungozomar wani ƙauye da ke sama da su, wadda rabonsu da haɗuwa ya fi shekara goma.

"Sanatu, ashe kina da baki? Kwantar da hankalinki. Tsohon nawa na bakin ruwa yana ɗinkin koma, yanzu zan sa ya gangaro muku da kwalekwalensa."

Wumbei ma ya ce ga shi a mashigi yana jira.

Ruwan ja ne, yana tafe da rassan itace. Mma Sanatu ta ɗora kan Tiyumba a cinyarta, ta kare ta daga rana da gyalenta, tana yi mata magana don kada ta yi shiru. Suna dab da gaci jijjigar ta fara. Madam Serwaa ba ta jira su sauka ba, ta shiga ruwa har ƙugu da allura a hannu. Daga nan Wumbei ya kai su titi, motar asibiti ta wuce da su Tamale. A ranar aka yi wa Tiyumba aiki aka ciro 'ya mace, 'yar mitsitsiya, amma da ranta.

Sai bayan mako uku suka dawo gida. Uwar Neindoo ta ce ba wanda zai fara yi wa jaririyar wanka sai Mma Sanatu. Ta yi mata, ta shafe ta da man kaɗe, ta daɗe tana riƙe da ita kafin ta miƙa wa uwarta. Neindoo ya kawo mata zabi biyu, kansa a sunkuye. Ta karɓi ɗaya, ta ce ya kai ɗayar gidan Napari da ƙafarsa.

Tun daga lokacin, kowace Talata masu ciki suke taruwa a tsakar gidanta ta auna su. Kafin kaka ta ƙare ta gano wasu biyu masu hawan jini, aka ƙetare da su tun abin bai yi nisa ba. Akwai gidaje biyu da har yau surukai ba sa barin matan 'ya'yansu su zo. In ta gama da sauran, takan sa na'urar a kwando ta bi ta ƙofarsu, ta tsaya ta gaishe su, ta tambayi lafiyar masu cikin.