Waƙar Verlie a Bakin Almakashi

Sau goma sha tara Verlie Gaines ta rera waƙar nan a yini ɗaya. Ko in ce sau goma sha tara ta motsa baki, don muryar tun makon jiya aka ɗauke ta a faifai. Ita dai nata ta tsaya jikin wani ginshiƙin kwali, fitilu suna gasa mata ƙeya. Shekarar 1943 ce, Hollywood na zubo finafinan waƙa da rawa ba ƙaƙƙautawa, wai don sojoji da matansu su manta da yaƙi na awa biyu.

Da aka ba da hutu, ta zube kusa da Cleophus, tsohon da ke kaɗa mata piyano, ta cire takalma.

"Baba Cleophus, wai me ya sa ni kaɗai nake tsayawa? Duk fim ɗin ba mai ce mini ko sannu."

"Yarinya, yau kika zo garin nan?" in ji shi. "Haka ake ɗaukar namu. A ware ki gefe, in fim ya je jihohin Kudu masu tacewa su sa almakashi su cire baƙar fata, labari ko gezau."

 Verlie kuwa ta riga ta rubuta wa mahaifiyarta a Mississippi, can cikin Kudun, cewa za ta gan ta a majigi, tsohuwar kuma ba ta bar kowa a coci bai ji ba.

Ta sami darakta, Mista Lindqvist, yana kurɓar kofi da ya huce.

"Yallaɓai, alfarma ɗaya. Jarumar fim ɗin ta zo wucewa ta tambaye ni wani abu, abin da labari ba zai tafi ba sai da shi."

Mutumin ba mugu ba ne, gajiya ce ta cinye masa kunya. Ko ɗago kai bai yi ba.

"Daga sama ne, Verlie. Saura mini rawa uku kafin Juma'a, ga rabin mazan an kwashe su soja. Koma wurinki."

Ta koma, ta yi murmushi karo na ashirin.

Fim ya fito da bazara. A Los Angeles minti ukunta cif suna nan, har aka yi mata tafi. Kullum sai ta ce yau za ta rubuta wa Mama gaskiya, kullum sai kunya da kasala su hana ta. Tana cikin wannan jan ƙafa wasiƙar tsohuwar ta iso, da fensir, rubutun duk ya karkace.

"'Yata, fim ɗinku ya zo ranar Asabar. Na sa hulata ta coci na hau benen silima da ake ajiye mu baƙaƙe, matakala arba'in da ɗaya, gwiwar nan tana kuka. Na kalla har ƙarshe ban gan ki ba. Ranar Litinin na sake hawa, na zauna can gaba. Idanun nan ne suka gama yawo, kada ki ji haushina. Matan coci ma sun ce ba su gan ki ba, na ce musu ni na gan ki a baya cikin masu rawa. Allah ya yafe mini ƙaryar. Ki gaya mini daidai inda kike fitowa, har Laraba ake nuna shi, zan sake hawa."

Verlie ta duba hatimin gidan waya. Larabar ta wuce da kwana shida.